Wasiƙar da ba ta ɗauke da sunana

Shekarun baya masu nisa, tun Turawa ba su miƙa mulki ba, na yi zama a Makera, kudu da kogin Kaduna, ina saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. A lokacin ana cikin ginin masaƙar farko a Kakuri, kowace safiya sai ka ga mutane sun yi jerin gwano da gwangwanin abinci a hannu. Narayi da Trikania da kuke gani yau gida na jingine da gida, ni gonaki na san su da ciyawa, sai 'yan ƙauyukan Gbagyi jefi-jefi. Sana'ata gyaran mota, a garejin wani Alhaji mai lori uku.

Asalina wani ƙauye ne yamma da Katsina, kuma ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata. 'Yan zamani ba lallai su san nauyin wannan magana ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. Ni kuma sunan kakana na wajen uba aka sa mini, wato surukinta da ake kira Malam, sai kunyar ta zama riɓi biyu. Tun da aka yaye ni a ɗakin kakata na tashi. In mahaifiyata za ta yi mini magana, sai ta dubi ƙanwata ta ce, "A gaya wa mai sunan Malam tuwonsa na hucewa," alhali ina zaune taku uku daga inda take. Ranar da zan baro gida ma, shekara guda bayan rasuwar mahaifina, tana bakin turmi tana daka, ba ta ɗago ba. Na durƙusa na ce, "Inna, zan tafi." Ta ce wa turmin, "Allah ya kiyaye hanya."

Da na zo Kaduna sai na binne wannan laƙabi kamar yadda ake binne cibiya. Na yi aji huɗu a elementare, na iya zana sunana da boko da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe, har nakan maƙala masa Mista a gaba in na tabbata babu ɗan garinmu a kusa. Babu wanda ya san ni da mai sunan Malam, kuma haka nake so.

Muna gidan haya ɗaya da abokina, mutumin wajen Kagoro, Kirista, ya girme ni da kamar shekara biyar. Ma'aikacin gidan waya ne, na kusa da tashar jirgin ƙasa, aikinsa ware wasiƙu. Shi ya fara koya mini Turancin da ake magana da shi a titi, ni kuma ina gyara masa kekensa. Yana ce mini Bakatsine, ina ce masa Sarkin Wasiƙa.

A zamanin, ma'aikatan gwamnati na ƙetaren kogi da kamfanoni suna da akwatunansu a gidan waya, kowane da lamba da mabuɗi. Mu 'yan Makera ba lambar gida, ba sunan layi. Wasiƙarka sai dai ta zo ta hannun wani mai akwati, ubangidanka ko wani babban ɗan kasuwa. Akwai kuma waɗanda ke zuwa ba ta hannun kowa ba, suna kawai da Makera, Kaduna. Abokina marayu yake kiran su. Ƙa'ida ita ce a ajiye su wani lokaci, in ba a zo nema ba a mayar da su. Shi kuwa bai iya mayar da wasiƙa ba, ya ce ji yake kamar ya kori baƙo. Sai ya yi wa kansa dabara. Yakan dubi hatimin garin da aka jefa wasiƙar, domin kowane gari yana da zaurensa a Makera, inda mutanensa ke sauka, suke taruwa, suke jin wanda ya haihu da wanda ya mutu. Ta Katsina a kai wa wani tela. Ta Kano a kai wa mai goro. Ta Bida wurin wani mai sayar da tabarmi. Ta Gusau da Kaura Namoda da duk abin da ya biyo layin dogo na Zamfara, wurin wani tsohon wanzami. Ranar Asabar sai ya ɗaure marayunsa a bayan keke ya bi zaure-zaure. Ba wanda ya sa shi.

"Ku Hausawa ba ku da adireshi," yakan ce mini, "amma kowannenku akwai wanda ya san inda yake kwana."

Ana nan sai Alhaji ya shirya ɗaukar maniyyata a lori zuwa Sudan, ta Maiduguri da Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena. Yana buƙatar makanike da zai bi motar. Ni tun ina yaro in na ga hanya ta yi kwana sai in ji ina son ganin abin da ke bayan kwanar, don haka kafin ya rufe baki na ce ga ni. Ya dube ni ya ce, "Mahaifiyarka na da rai?"

Na ce tana nan.

"To ta sallame ka tukuna. Ba na ɗaukar wanda uwarsa ba ta sallama ba a motata. Na taɓa yi sau ɗaya, kwana goma sha ɗaya muka yi a daji da karyayyen aksul. Ka kawo mini bakinta, ko a takarda ne."

Saura wata uku a tashi. Da ina da hankali da na nemi izinin kwana biyar na je gida da ƙafata. Amma ni Mista ne, mai alƙalami a aljihun gaba. Kuma gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce tsoro nake ji in je in durƙusa ta sake ba turmi amsa. Na zauna na rubuta wasiƙa, na san malamin makarantar ƙauyenmu zai karanta mata, shi kuma zai rubuto abin da ta ce. Abokina ya ba ni shawara irin ta masu sana'a.

"Sa wani ambulan a ciki, ka rubuta sunanka da akwatin Alhaji da hannunka, ka manna kan sarki. Su dai su zura takarda su lashe baki su jefa. Ko makaho ba zai ɓatar da wannan ba."

Haka na yi. Na tsantsara sunana a layin sama, da Mista ɗinsa, na manna kan sarki, ko da yake kan sarauniya ne a jiki a lokacin. Shi da kansa ya buga wa wasiƙar hatimi.

Sati na farko ban damu ba. Na biyu ma haka. Daga na uku, da na ji ƙararrawar kekensa a ƙofar gida da yamma sai in fito ina goge baƙin mai a hannu.

"Sarkin Wasiƙa, yaya?"

"Babu, Mista."

Da tafiya ta yi tafiya ya daina kaɗa ƙararrawar, yakan turo keken a hankali kamar mai shiga gidan makoki. Na je wurin telan Katsinawa ya zazzage mini gwangwanin wasiƙunsa, babu. Har gada na haye na je babban gidan waya na ƙetare, ko an rubuta Kaduna kawai ta tsaya can. Wani akawu mai kirki ya duba mini a ƙarƙashin harafin sunana har sau biyu, ya ce in yi haƙuri.

Sai na fara karanta shirun da kaina. Na ce ba ta yafe mini barin gonar mahaifina ba. Wani lokaci kuma in ce ba fushi ba ne ma, ai fushi sai da wanda aka damu da shi. Matar da ba ta taɓa kallon fuskata ba, me zai dame ta in na tafi Sudan ko bayan Sudan? Wannan tunani na biyu shi ya fi cin raina, na rame har wandona na aiki sai da na ƙara masa igiya.

Wata ranar Laraba Alhaji ya kira ni. Ya ce ya yi magana da wani makanike a Tudun Wada. Mota za ta tashi Asabar da safe. In aka sauko daga masallacin Juma'a ban kawo masa komai ba, kujerar ta wancan ce.

Washegari Alhamis, bayan la'asar, ina zaune gindin mangwaron tsakar gidanmu, abokina ya kife kekensa yana sa wa sarƙa mai.

"Bakatsine, saki fuskar nan, za ka hana mangwaron nuna."

"Ba za ta rubuto ba. Ni na san ta."

"Uwa ce fa. Tawa in na yi wata biyu ban je ba, da kanta take hawo jirgi daga Kafanchan, ta tsaya a ƙofar ofis tana ƙwala mini kira da sunan da ba na so manyana su ji."

"Kai ka more. Ni tawa ba ta taɓa kiran sunana ba."

Ya ɗauka zolaya ce. "Ko sau ɗaya?"

"Ko a mafarki."

"Faɗa kuka yi tun kana ciki?"

Na yi masa bayanin kunyar ɗan fari. Ya girgiza kai ya ce ya san matanmu ba sa kiran sunan miji, amma bai san abin ya kai ga ɗan da mace ta haifa da cikinta ba. "To in tana nemanka fa? Tafi take yi, ko jifa?"

Na san in ya ji ba zan ƙara shan ruwa a gidan nan ba. Duk da haka na ce, can ƙasa-ƙasa, "Mai sunan Malam take cewa."

Bai yi dariya ba. Ya ajiye gwangwanin man a hankali.

"Sake faɗa."

Na sake.

"Wa kuke da shi a Kaura Namoda?"

"Ƙanwar mahaifiyata tana aure can. Me ya faru?"

"Sa takalminka."

Ya bar keken a kife, ƙafa na juyawa a sama. Layi uku ne tsakanin gidanmu da zauren wanzamin Zamfarawa, kusan kullum ta ƙofarsa nake wucewa zuwa gareji. Muka tarar da tsohon yana yi wa wani aski. Abokina ya gaishe shi ya ce, "Baba, marainiyar nan ta Kaura tana nan?"

"Tana nan. Ni ba na zubar da amana." Bai daina askin ba. "Masu sunan Malam uku sun zo kanta. Ɗaya Bagobiri, ɗaya ɗan Talatar Mafara, ɗaya ma ban yarda akwai Malam a danginsu ba. Duk na hana."

"Ga mai ita na kawo."

Tsohon ya share askarsa a tafin hannu, ya matso ya kama haɓata ya juya fuskata wajen haske, kamar mai sayen akuya.

"Wannan zanen na Katsina ne. Hannun wanzamin ma na rawa ranar da ya yi shi. Me ya haɗa Bakatsine da wasiƙar Kaura?"

Na ce innata ƙarama na aure can.

"Kowa na da inna a Kaura, ɗana. Nan ne ƙarshen dogo." Ya zura hannu cikin zabirarsa, jakar fatar da yake zuba kayan aski, ya zaro ambulan da ya yi laushi ya sha ƙamshin sabulu. Bai miƙo mini ba. Daga inda nake na hango rubutun, na wani ne da ban sani ba: Zuwa ga Mai Sunan Malam, mai gyaran mota, Makera, Kaduna. "Faɗi abu ɗaya da ke ciki kafin a buɗe. Ma'aikacin gwamnati ya duba. In ka faɗi daidai taka ce, in ka kuskure a liƙe ta ta koma zabira."

Na ce, "Za a yi maganar tafiya gabas."

Abokina ya buɗe da tsinin askar tsohon, ya bi layin farko da ido, ya miƙo mini. Har yau in an tashe ni daga barci zan iya karanto ta.

"Bayan gaisuwa mai yawa. A gaya wa mai sunan Malam takardarsa ta iso, an karanta, an ji. A ce masa ya tafi. Gona ba ta gudu, ƙannensa sun isa riƙon fartanya. Na yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, Allah ya kai shi ya dawo da shi. A ce masa an ce ƙasar gabas da rana zafi da asuba sanyi, shi kuwa tun yana ƙarami ƙirjinsa ba ya son sanyin asuba, ya riƙa rufewa. In da hali ya biyo ta gida kafin ya wuce, akwai abin da aka ajiye masa. In babu hali ba komai."

A ƙasa mai rubutun ya ƙara nasa. Ya ce shi mai rubuta wa mutane wasiƙa ne a ƙofar gidan wayar Kaura. Ya yi juyin duniya matar nan ta faɗi sunan ɗanta, ta ce ya rubuta haka ko ta tashi. Ya tambayi lambar akwati, ta ce ita dai ta san Makera ne kuma yana gyaran mota. "In takardar nan ta same ka," in ji shi, "ikon Allah ne, ba gwanintata ba."

Na tsaya a zauren da takarda a hannu. Maganar ƙirjin nan ita ta kama ni. Gaskiya ne, sanyin asuba na sa ni tari tun ina ƙarami, amma a sanina kakata ce kaɗai ta san haka, ita ke tashi ta lulluɓe ni. Ashe daga ɗaya ɗakin ana jin tarin.

Wanzami ya koma kan askinsa ya ce wa mutumin da ke zaune, "Sunkuyar da kai, kada ka kalli namiji yana sharar ido."

A hanya abokina ya karɓi ambulan ya dubi kwanan watan hatimin. Kwana biyu wasiƙar ta yi a jirgi daga Kaura zuwa Kaduna. Sati bakwai ta yi a layi uku.

"Ni na kai ta can da hannuna," ya ce. "Kullum kana tambayata, kullum ina ce maka babu. Na ga mai gyaran mota a jiki, amma masu gyaran mota a Makera sun fi motocin yawa, kuma hatimin bai ce Katsina ba."

"Ni na ɓoye maka sunan."

"To mu raba laifin, ka ɗauki babban kashi."

Da safe na kai wa Alhaji. Ya sa na karanta masa sau biyu, ya ce, "Wannan uwa ce. Kujera taka ce." Na ce ina roƙon kwana huɗu, biyu zuwa biyu dawowa, in je in ga abin da aka ajiye mini. Ya ce da zai iya da ya yi. Mutane sun sayar da dabbobinsu suna kwance a zaurensa, an buga musu takardu, kuma labari ya zo hadari ya fara haɗuwa a gabas. In ruwa ya riga mu baƙar ƙasar nan ta bayan Dikwa, sai baɗi. "Ai ta ce in babu hali ba komai. Amma kai ka san uwarka. Ka zaɓa."

Abokina bai ɓoye nasa ra'ayin ba. "Je gida, Bakatsine. Mota ba ta ƙarewa a duniya."

"Shekara biyu ce kawai. In na dawo na je mata da tsarabar Makka."

"Wasiƙa ta yi sati bakwai tsakanin zaure da zaure, kai kana lissafin shekara biyu kamar a aljihunka suke."

Na yi dariya, na rubuta amsa mai tsawo na ba shi ya jefa. Asabar da safe na hau bayan lori a kan buhunan gero, ya tsaya a bakin gareji riƙe da keke, marayun wannan satin ɗaure a baya.

Shekara biyun ta zama bakwai. A Sudan Alhaji ya sayar da motar, ni na sami aiki a wani gareji a Umdurman, na sauke farali, na koma na ci gaba da aiki, kullum ina cewa baɗi. Na koyi Larabci, na tsinci Faransanci a bakin direbobin Chadi. Ina rubutowa gida, malamin makaranta na rubuto mini cewa kowa lafiya, mutanen gida na gaisuwa. Daga bakinta kai tsaye ban ƙara samun ko layi ɗaya ba. A shekara ta biyar wata wasiƙa ta zo, da cikakken sunana, da lambar akwatin maigidana, komai daidai. Kwana goma sha biyu ta yi a hanya. Ita kam ba ta ɓata ba. Baffana ne ke sanar da ni rasuwar mahaifiyata, bayan zazzaɓin kwana shida.

Bayan haka sai na rasa abin da zan yi gaggawar komawa dominsa, na ƙara shekara biyu. Ranar da na isa ƙauyenmu ƙanwata, wadda na bari budurwa, tana da 'ya'ya uku. Bayan an gama gaishe-gaishe ta shiga ɗaki ta fito da wani gwado fari mai baƙin ratsi, sabo fil, an naɗe shi da tsumma. Ta ce Inna da kanta ta kaɗa zaren, daminar da na bar gida ta fara, ta kai wa masaƙi. Shi ne abin da aka ajiye mini.

Na warware gwadon, sai ga ambulan ya faɗo. Nawa ne, wanda na rubuta da hannuna, kan sarkinsa ko hatimi babu.

"Ai da wannan aka ce a mayar da amsa," na ce. "Me ya sa ba a yi amfani da shi ba?"

Ƙanwata ta ce ranar da malamin makaranta ya karanta wasiƙata, ya ɗaga ambulan ɗin ya nuna wa Inna ya ce ga sunansa nan a layin sama, ga adireshi a ƙasa, ta faɗi amsa kawai ya rubuta ya zura. Inna ta karɓa ta ce za ta yi shawara. Ba ta iya zama gaban mutumin gari tana aika wa ɗan fari magana ba, gobe a ji a bakin rijiya. Sai da aka yi suna a gidan ƙanwarta a Kaura, inda ba wanda ya san ta, ta ce za ta shiga kasuwa sayen gishiri, ta daɗe ba ta dawo ba.

"Ambulan ɗin kuwa," in ji ƙanwata, "cewa ta yi in an jefa shi ai ya tafi ke nan."

Bayan wannan na ƙara yawo, har fiye da na farko. Na zauna a Landan wani ɗan lokaci ina koyon aikin manyan injuna, na ga yadda suka yanka birninsu gunduma-gunduma, kowace da harafi da lamba, har mai raba wasiƙa ba ya buƙatar sanin ko kai fari ne ko baƙi, mai rai ne ko matacce. Na ga irin ta Jamus, lamba kafin sunan gari. Na yaba, domin ni makanike ne, ina son abin da ke aiki ba tare da roƙo ba. Kwanakin baya aka ba ni wata takarda in cike, akwai gurbin lambar yankin gidan waya. Na tambaya aka ce ai mu ma an daɗe da raba mu yanki-yanki, Kakuri da Makera da Narayi da sauran unguwannin kudancin kogi, da lambobi masu alƙaluma shida. Na rubuta tawa, na ji daɗi an ci gaba. Amma na zauna ina tunanin ko da akwai wannan lamba a wancan zamani, iyakarta ta kawo wasiƙar unguwa, ita kuwa dama ta iso unguwa. Abin da ya kawo ta hannuna shi ne mutumin da bai iya korar baƙo ba, da tsohon da ya riƙe takardar wanda bai sani ba sati bakwai a zabirarsa. Dukansu sun daɗe da rasuwa. Abokina ya yi ritaya ya koma gindin duwatsunsu, muna musayar wasiƙa har ƙarshen ransa, kuma bai taɓa rubuta sunana na gaskiya a bayan ambulan ba. Mai Sunan Malam yake sawa, sai lambar akwatina.

Ban ɗora wa kowa laifi ba, kaina ma na daɗe da sassauta masa. Abin da ban gane ba ina ɗan ashirin, sai da furfura ta cika mini kai, shi ne a bakin mace irin mahaifiyata, "in babu hali ba komai" shi ne iyakar ƙarfin kiran da za ta iya yi. Na iya harsuna biyar a yawona, wannan guda ɗaya da aka haife ni a cikinsa shi ne na kasa fassarawa a kan lokaci.

Gwadon yana nan, da shi nake rufe ƙirji da asuba. Ambulan biyun ma suna nan a akwatina. Wanda ta aiko mini dama ba shi da sunana. Wanda na aika mata kuwa, adireshin na nan garau, akwatin Alhaji, Makera, Kaduna, kamar jiya na rubuta. Layin sama ne kaɗai ya dushe, takardar wurin ta yi santsi ta yi duhu, daidai faɗin babban yatsa. Ko Mistan ba a gani.